Itace a Jirgin Don Anselmo

Buenos Aires

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙafar Mama? Ƙanena Cirilo ya daina gudun makaranta kuwa? Ni lafiyata ƙalau, ci da sha ba laifi. Fita ce kawai babu, don tsohon da nake jinya, Don Anselmo, ba a barinsa shi kaɗai.

Yana da tsohon kan jirgin ƙasa na wasa, irin mai hayaƙi, bai fi tafin hannu ba. Hannunsa rawa yake yi, don haka ni ke gyara masa. Na sa wa jirgin sabuwar fitila, na shafa masa baƙi da tsatsa har ya zama kamar ya sha aiki. Sai na farfasa tsinken ashana na jera a bayansa, yadda kuke loda itace a tashar Sapucai lokacin kana aikin jirgi.

Tsohon ya gyara tabarau. “Ke Fidelina, girki za ki ɗora mana? Ai jirgin nan kwal yake ci!”

Na ce, “Namu na Paraguay itace yake ci, maigida.”

Ya yi dariya har da tari, ya ce a bar shi haka.

'Yarsa ta ce Kirsimetin bana ma ba wanda zai karɓe ni a aikin nan, don haka ba zan samu zuwa gida ba. Kada ka gaya wa Mama tukuna. Ka dai sa mini albarka.

Kullum sai na kunna jirgin, Baba. Ya ɗauki itacen gida ya tashi kamar da gaske, ya wuce taga, ya zagaya teburi, ya dawo gabana.

'Yarka,
Fidelina