Idon Aro a Maƙera

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, har da marasa lafiyar asibitinku, waɗanda na tabbata suna warkewa da wuri don tsoronki. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba kya bari in kai ƙarshen jimla.

Abin da aka gaya miki gaskiya ne. Yanar idon Baba ta yi kauri, ba ya bambance launin ƙarfe a wuta. Kwanan baya ya bar bakin fartanya a gawayi har ya ƙone ya koma kamar soso, hannun rigarsa kuma ya kama wuta bai sani ba sai da telan da ke maƙwabtaka da shi ya jiyo ƙauri. Saƙonki na a rufe maƙera a kawo miki shi na isar, ya ce in ce miki ya ji. Kin dai san ma'anar "na ji" a bakin Baba.

Ga shawarata. Hannunsa ƙalau yake, ido ne babu. Ni kuwa ido huɗu gare ni in an haɗa da tabarau, ga shi muna hutun makaranta. Don haka na ba shi aron nawa: ni in duba launi, shi ya daka.

Na fara jiya. Ya sa ƙarfe a wuta, na ja zugazugi, ya ce, "Wane launi?" Na ce ja ne, amma ja mai ɗan jin kunya, irin na sararin sama dab da faɗuwar rana. Ya ce, "Malam, kafin ka ƙare waƙar ya huce. Ya yi ko bai yi ba?" Tela har da riƙe ciki.

Ki ba mu lokaci, don Allah. A gaida kowa.

Ƙaninki.

*

Tabarau,

Wa alaikas salam. Muna lafiya.

Kai da ka buga ƙusa a bango ka kwana uku da ɗaurin yatsa, kai ne za ka tsaya gaban wuta? Yanzu mutum biyu zan riƙa yi wa fargaba ke nan.

Na yi magana da likitan idonmu, ya ba Baba rana a ƙarshen wata. Ka kawo shi da kanka. In aikin idon ya yi kyau ya koma maƙerarsa, ban hana ba. In bai yi ba an rufe, ya zauna wurina, kuma ba na son dogon Turanci a kai. Hutunka zai ƙare, idonsa ba zai jira hutu na gaba ba.

Ka daina sa rigar leda kusa da wuta, auduga za ka sa. Ka rufe ƙafarka.

Ka gaida matarka, ka ce ina yi mata jaje.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sa auduga, na rufe ƙafa, matata ta karɓi jaje.

Ashe ƙira ba ƙarfi ba ce. Na zo da niyyar nuna ƙwanji, na damƙe ƙotar guduma kamar za a ƙwace mini, kafin azahar hannuna ya daina jin magana. Baba ya lalubi yatsuna ya sassauta su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ɗagawa ce taka, saukowa tata ce. Bar ta ta faɗi." Sai da na yi mako ina dukan guntun itace kafin ya yarda in taɓa ƙarfe. Ya koya mini tsayuwa, ƙafa ɗaya gaba, da riƙon awartaki, da cewa duk ƙarfen da ke ƙasa mai zafi ne ko da baƙi ne. Wannan darasin na ƙarshe ban jira bayaninsa ba, na koya da kaina.

Launuka kuwa na haddace su kamar karatun yara: ja mai duhu, ja jawur, ruwan lemo, ruwan ƙwai. In ya yi fari yana tartsatsi, an yi asara. Duk kalmomin da na tara a rayuwata an rage mini su zuwa biyu, "tukuna" da "yanzu". Ɗalibaina da sun ji da sun yi walima.

Wani abin kuma, a bakin uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a daka, ba a magana. Baba na riƙe da ƙaramar masaba, 'yar gudumarsa ta ƙira, inda ya taɓa nan zan sauke babbar guduma. In ya ƙwanƙwasa gefe, in tsaya. Yaya, tun ina yaro ban taɓa yin doguwar hira da Baba irin wannan ba, kuma ba wanda ya buɗe baki.

Jiya muka haɗa gatari. Ana tsaga ƙarfe mai laushi, a cusa mai tauri a bakin, a barbaɗa yashi, a kai su zafin da za su manne su zama ɗaya. In ka yi sauri ba su kama ba, in ka yi jinkiri sun ƙone, tsakanin kuwa bai fi numfashi ba. Na zuba ido har hawaye na bin tabarau, na ce "yanzu" da muryar da ban san ina da ita ba. Muka daka. Da ya huce Baba ya bi bakin da babban yatsa yana neman tsaga, bai samu ba. Ya yi dariya, ya ƙwala wa tela kira: "Zo ka ga abin da ɗan boko ya yi!" Na kai gatarin gida, matata ta ce ba za a kwana da shi a ɗaki ba.

Muna nan tafe ranar da likita ya sa. Baba ya ce a tambaye ki ko asibitin na buƙatar wuƙaƙe.

Ƙaninki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gode da ɗawainiyar da kika yi da mu, da wadda kika ci gaba da yi da Baba bayan na dawo.

Yau ba ni da abin dariya. Tun da direbanku ya sauke shi nake tambayarsa idon, sai ya ce, "To, da sauƙi dai, amma har yanzu dishi-dishi." Wuta kuwa ya ce sam ba ya rabe launinta. Ba ya hura ta sai na zo. An koma makaranta, ina tashi nake wucewa maƙera, in same shi zaune a kan benci ya jera ƙarafa yana jirana.

Na san sharaɗinki, kuma na san ba kya mantuwa. Amma in aka rufe wurin nan, ba Baba za a kawo miki ba, rigarsa ce. Na yanke shawarar ajiye aikin koyarwa a ƙarshen zangon nan in zauna da shi. Na rubuta takardar, saura in miƙa. Kada ki aiko mota.

Ƙaninki.

*

Tabarau,

Kada ka miƙa takardar nan. Ka yaga ta.

Baba ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya maka ba, amma ban yi alkawarin zuba ido ka zubar da aikinka ba. Aikin ido ya yi kyau. Ranar da aka cire bandeji, likita ya nuna masa allon gwaji, ya bi shi har layin ƙasa, sannan ya gaya wa likitan cewa ƙafar kujerarsa ta kusa karyewa, walda ce ta banza. A hanyar gida ya ƙirga mini furfura. Daga tagar bene ya hango ƙyauren maƙwabta ya ce wanda ya ƙera shi ba ya tsoron Allah.

Da zai tafi ya ce, "Kar ki gaya wa Malam. In ya san ina gani zai koma wa littattafansa, ga shi hannunsa ya fara faɗawa. Ban taɓa samun mai dukan da ke jin masaba kamarsa ba." Na ce ya gaya maka da bakinsa mana. Ya ce shi ba ya iya irin wannan maganar.

Maƙera ta zauna, na janye. Ku biyun Allah ya shirye ku. Yadda za ka yi da shi kuma ya rage naka.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa. Na yaga.

Jiya da yamma na je kamar kullum. Muka sa bakin lauje a wuta. Yana ja mai duhu, ko kusa bai yi ba, na gyara murya na ce, "Yanzu!"

Baba bai motsa ba. Ya yi ɗan tari, ya ce yatsunsa ne suka sage, in ci gaba da zuga kafin su saki. Na ci gaba. Ƙarfe na kaiwa ruwan lemo yatsun suka warke, ya ciro shi tun ban buɗe baki ba. Muka daka, ba wanda ya kalli wani.

Muna rufe ƙofa ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, idon nan naka fa ya fara lalacewa. Ka riƙa zuwa kullum ina duba maka shi."

Na ce to.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki, ɗan koyo.