Tun Da Muka Yi Musayar Gefen Gado

Anti Beryl, ki taimake ni kafin in haɗa kayana in koma gidan ƙanwata.

Shekara talatin da ɗoriya muna tare da mijina Lindsay. Da, da fito yake tashi, ya haɗa mini shayi kafin ya tafi wajen tumaki. Yanzu fa? Fuska a murtuke, wai burodi ya ƙone, wai shayi ya huce, har karenmu ya koyi laɓewa ƙarƙashin mota. Maƙwabciyata Noelene ta ce ta mugun gefe yake saukowa daga gado, kamar yadda ake faɗa a nan in mutum ya tashi da fushi. Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, don tun da aka yi mini aikin ƙugu muka yi musayar gefe, na koma kusa da ƙofar banɗaki. Da rana lafiya lau yake, sai dai hamma. In na tambaye shi sai ya yi kamar bai ji ba. Dama kunnensa na hagu ya mutu tun yana aikin injin askin tumaki, da shi yake fakewa. Ga shi kullum sai ya sayo mini sabon matashin kai, wai in gwada. Noelene ta ce namiji ba ya yawan kyauta sai ya yi laifi. Anti, raina ya ɓaci. Ko ya gaji da ni ne?

Mai Sabon Ƙugu, Narrandera

Ke 'yar'uwa, ajiye jakar nan, ki kuma rage shan shayi da Noelene. Babu wata mace. Minshari kike yi.

Duk shekarun nan mataccen kunnen ne ke fuskantarki, bawan Allah yana ta barcinsa. Yanzu kin koma gefen mai ji. Yana da laifi, ban wanke shi ba: zurfin ciki ba magani ba ne, kuma karen bai yi masa komai ba. Amma ƙugunki na son ƙofa, shi kuma yana son barci. To ku mayar da matasan kai wajen ƙafar gado. Kina nan kusa da ƙofarki, mataccen kunne ya koma bakin aikinsa. Ki kuma gaya wa likita zancen minsharin.

Mutumin da ya gwammace ya kwana ido biyu yana sayen matashi da ya ce miki kina minshari bai gaji da ke ba, barci kawai yake ji. Allah ya dawo miki da fitonsa da shayinki.

Anti Beryl