A Jibiya Har Yau Ba Ka Sauko Ba

Bakin Iyaka, Jibiya,
Laraba, 12 ga Nuwamba, 1975.

Zuwa ga maigidana, gawona mai inuwa a tsakiyar rani, ruwan sabuwar randata, farin watan da ya tsaya mini ni kaɗai, zakaran da ya yi cara a Kaduna aka ji amonsa har hanyar Maraɗi!

Gaisuwa gare ka adadin ƙwayar geron da aka sussuka a kakar bana, da bege mai nauyin gingimari ɗauke da shanu. Ina fatan wannan takarda ta same ka da sauran numfashi, kuma ba ka riga ka yanki tikitin jirgi ba.

Jiya Ya'u direba ya miƙo mini saƙonka, wanda ka rubuta a bayan kwalin sigari. Layi uku kacal, ya sanyin idona! Ka ce ka faɗi a gaban duniya, wando ya tsage, wuyan jita ya karye. Ka ce ba ka da idon da za ka sake kallon mutanen Jibiya da shi. Ka ce ran Asabar za ka hau jirgin ƙasa zuwa Ikko ka yi dakon siminti a bakin teku, kada in jira ka. Kada in jira ka! An taɓa ce wa rijiya kada ta jira guga? An taɓa ce wa shuka ta daina duban gabas? Na karanta sau tara, sannan na jiƙa kwalin a ruwa, na dama, na shanye, don asirinka ya zauna a cikina inda ba mai ganinsa. Ɗanɗanon taba bai bar harshena ba har yanzu, amma don kai ko maɗaci zuma ne.

To, saurara, ya rabin raina, domin kai ka san abin da ya faru a Kaduna, amma ba ka san abin da ya faru a Jibiya ba.

Shekara huɗu kana facin taya a bakin shingen nan, tun da rasuwar Baba ta dawo da kai gida ka rataye jitarka a bayan ƙofa. Ni mai faci na aura. Mawaƙin rok-an-rol da ake cewa ya girgiza otel-otel na Kano da Kaduna, a hoto kawai na san shi, da suma tuli guda da wando mai baki kamar algaita. Shi ya sa da gidan talabijin suka aiko maka ka dawo fage, na rantse sai garin nan ya gan ka, ko da za a yi yaya.

Ka san akwatin talabijin na Alhaji Lado, wanda ya sayo zai kai Maraɗi takardunsa suka ƙi cika, akwatin ya shekara a rumfar ma'aikatan iyaka, Alhaji yana zuwa gaishe shi duk Juma'a? Shi aka fito da shi, da yardar Alhaji, wanda ya ce shi ma bai taɓa ganinsa a kunne ba. Ya'u ya kwanto batura biyu daga motarsa. Aka ɗora eriya a kan rufin kwano, ba komai sai dishi-dishi, kamar an watsa wa kaji tsaki. Aka kai ta kan tsamiya, haka. Har na fara kuka a cikin mayafina, sai Malam Lawal, babban mai kula da shingen, ya ce a ɗaure ta a bakin sandar iyaka a ɗaga. Aka ɗaure, aka ɗaga. Sai ga fuskar mutum tar a cikin akwati, yana magana da mu kamar ya san iyayenmu!

Amma fa eriya ta ƙara wa sanda nauyi. Gangar duwatsun da ke gindinta ta kasa riƙe ta a sama, dole sai wani ya zauna a kai. Ga shi gangar tana bayan rumfa, wanda ya zauna a kanta ba zai ga komai ba sai hanyar Nijar. Maza fiye da ɗari biyu suka tsaya suna kallon ƙasa, kowa ya zama kurma.

Sai ga Inna, mahaifiyarka.

Kai ka fi ni sanin halinta. Kai ɗan farinta ne, shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kama sunanka ba, ba ta taɓa yabonka a gaban mutane ba. In ta matsu sai ta ce "mai facin nan". Ta ratso taron da zanenta na saƙi, ta ce, "Ni ba kallo ya kawo ni ba, akuyata nika nema. Amma tunda ƙafafuna sun gaji, bari in ɗan huta bisa gangar ga." Ta zauna, ta juya wa akwatin baya. Sanda ta miƙe cak, kamar mai shaida a gaban alƙali. Akuyar kuwa, ya abin ƙaunata, ni da hannuna na ɗaure ta a gida.

Da ƙarfe biyar na yamma mai gabatarwa ya faɗi sunanka, sunan da bakina ke jin nauyin kamawa amma alƙalamina ba ya jin kunya: Kalilu Tsawa! Wayyo ni Salmatu! Ka fito cikin riga mai walƙiya kamar kifi a hasken rana, da takalma masu tudun da za a iya daka yaji da su. Ka taɓa jita, sai na ji kamar hadarin farkon damina ya taso daga cikin haƙarƙarina. Ka buɗe baki, ban fahimci kalma ko ɗaya ba don da Turanci ne, amma na san da ni kake. Da wa za ka yi in ba ni ba? Gwiwarka ta hagu tana kaɗawa kamar reshen zogale a iska, ƙugunka yana juyawa kamar dutsen niƙa, har wata tsohuwa kusa da ni ta ce a kai maka man zafi. Wani direban Maraɗi, inda ake ce wa babbar mota kamiyo, ya ce, "Wanga ba waƙa ba ce, kamiyo ne ke hawan tudu da kaya!" Mai shayi ya ce masa, yana kwaikwayon yadda suke kiran namiji da Faransanci, "To kamiyonku na iya haka, Mushe?" Aka yi dariya, amma ba wanda ya ɗauke ido.

Ka sani, minti arba'in iyakar ƙasa tana buɗe wangwam, abin da ba a taɓa gani ba, amma ko mota ɗaya ba ta tsallaka ba. Masu tankar mai da ke layi tun safe sun kashe inji sun hau kan motocinsu suna leƙe. Jaki ɗaya ne kawai ya wuce wajen Nijar, ya duba, ya ga can ba a nuna komai, ya dawo.

Sai waƙar ƙarshe. Kiɗa ya yi zafi. Ka ja da baya taku uku, ka rungume jita a ƙirji yadda kake rungumata, ka yi tsalle. Ya tauraron asubahina, wane irin tsalle! Ƙafafunka biyu suka bar ƙasa, bakin wandonka ya buɗe kamar fikafikan shamuwa, kanka ya kusa fita ta saman akwatin. Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, "Ya tahi sama! Ya tahi sama!"

A nan ne Inna ta zabura daga kan ganga, ta juyo da hannuwa a shimfiɗe, ta ƙwala ihun da aka ji har kasuwar hatsi: "Kalilu! Ku tare mini Kalilu!"

Sanda ta faɗo rim. Eriya ta daki teburin mai shayi ta lanƙwashe. Hoto ya ɗauke.

Ba wanda ya san abin da ya fi ban mamaki, ɗan da ya tashi sama ko uwar da ta kira sunan ɗan farinta a gaban maza ɗari biyu da baƙin wata ƙasa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita dai akuyarta ta gani ta gifta.

Ka gane yanzu, ya zumar farar saƙata? Faɗuwarka, da tsagewar wando, da karyewar jita, duk a Kaduna suka tsaya, ba su da takardar shigowa garin nan. An miƙe eriyar da guduma, an yi mata duk dabara, akwatin ya ƙi sake nuna komai. Abin da Jibiya ta gani na ƙarshe shi ne kai a sama. Yau kwana goma sha ɗaya, a garin nan har yanzu ba ka sauko ba!

Kullum gardama ake a teburin mai shayi. Wasu sun ce ka huda rufin gidan talabijin. Wasu sun ce mutum ba ya wuce kwana uku a sama sai in ya tafi da guzuri. Mutanen Riko da Daddara suna zuwa a kan jakuna su tsaya gaban akwatin a kashe, su gyaɗa kai su koma. Malam Lawal ya buɗe littafin doka ya ce in iska ta kaɗa ka ka sauka a ɓangaren Nijar, sai ka nuna fasfo kafin ka shigo gidanku. Shekaranjiya wani fasinja daga Kaduna ya ce shi ya gani da idonsa, wai ka faɗi. Mai shayi ya karɓe kofinsa tun bai kai rabi ba, ya ce, "Mu ma da ido muka gani, malam, ba da gwiwa ba. Mu ɗari biyu, kai ɗaya."

Wannan duk abin dariya ne. Ga wanda ba na dariya ba. Kullum bayan la'asar Inna tana zuwa ta zauna a kan gangar nan, sanda ta tashi, ta yi ta duban sama har a kira magariba. Malam Lawal yana jin nauyin ya tashe ta, sai ya riƙa duba takardun motoci a ƙarƙashin sanda a ɗage. In an tambaye ta, akuya take nema. Tuwon da nake kai mata yana dawowa da ɗan gurbin yatsa biyu. Jiya ta kama hannuna, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ɗiyata, da ban tashi ba, da mun ga inda ya sauka." Me zan ce mata? In ce ka sauka lafiya amma ka wuce Ikko ɗaukar siminti? Bakina ba zai iya ba. Kai ka ɗora ta a kan gangar nan, kai za ka sauko da ita.

Kuma wai faɗuwa! Ka manta da daminarmu ta farko? Ranar da ruwa ya tsare mu a ɗaki tun hantsi, na yi ta roƙonka ka nuna mini tsallen da ke cikin hoton nan, ka ɗauki muciya a madadin jita? Ka ja da baya taku uku, ka tashi, kanka ya daki azara, ka dawo ka zauna daram a cikin ƙwaryar fura. Na yi dariya har na shiɗe, kai ma ka yi, muka kwana biyu muna tsintar gero a jikin wandonka. Ni na riga Kaduna ganin faɗuwarka da shekara uku, kuma a ranar na tabbatar ba ni da wani miji a duniya sai kai. Na sake duba littattafan labaraina guda bakwai da ke ƙarƙashin katifa. Gaskiya ne, jaruman ciki ba sa faɗuwa, wandonsu ba ya tsagewa. Amma na bi su shafi-shafi, babu ko ɗaya a cikinsu da ya iya facin taya, babu wanda ya taɓa sa uwa ta manta kunya.

Don haka ga abin da za ka yi, ya bangon jinginata. Ya'u zai taso daga Kaduna ran Juma'a da asuba da lodin sukari, shi zai ba ka wannan takarda. Kada ka shiga gaban mota. Ka hau can ƙololuwar kaya, ka kwanta a ƙarƙashin tamfol. In kun iso shinge bayan la'asar, Inna tana kan ganga, jama'a suna wurin mai shayi, sai ka miƙe ka diro. Na kwashe tsofaffin tayoyin rumfarka guda ashirin da uku na jera su a daidai inda Ya'u yake tsayawa, na ɗora katifarmu a kai. Na ce wa masu tambaya shanya nake yi. Ka taho da wandon, ina da allura da zare. Ka taho da jitar, mai gyaran amalanke ya ce wuya ba ya gagararsa.

In bayan haka kana son komawa fage, ni zan guge maka rigar walƙiya. In faci kake so, ni zan riƙe maka famfo. Amma ba za ka bar ni matar mutumin da ke rataye a sama ba, ba bazawara ba, ba mai miji a ƙasa ba. Ikko tana da masu dako dubu, ba za ta san ka zo ba. Nan kuwa gari guda ya ɗaga kai yana jiranka, wuyan kowa ya ƙage.

Ka sauko, ya ruwan bazarata. In ma faɗuwa za ka sake yi, ka zo ka faɗi a nan, inda akwai masu tara hannu.

Taka ni kaɗai, mai riƙe maka amana har ranar da sandar iyaka za ta yi ganye ta yi 'ya'ya,

Salmatu.