Hannuna a Akwati, Rubutun Dogo a Littafi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya 'yan biyu?

Kin ce na yi shiru. Yaya, baƙin ciki ne ya hana ni ɗaukar biro. Kin san shekara huɗu ke nan ina fama a ɗakin gwaji da farantin solan nan mai naɗuwa kamar tabarma. Aikina wata shimfiɗar roba ce a cikinsa, ba ta kai fatar albasa kauri ba, ita ke kwaso cajin da rana ta tayar ta miƙa wa waya. Irin ta da, lanƙwasa ɗari take tsagewa. Tawa ta sha dubu biyar ko gezau.

To ga inda na tafka wauta. Sinadarin da ke shan hasken ba ya shiri da danshi, ko numfashi ɓata shi yake. Don haka cikin rufaffen akwatin gilashi nake haɗi, hannuwana zurme cikin safar roba har kafaɗa. Da wane hannun zan yi rubutu? Sai abokin aikina Dogo ya zauna gefe, ina faɗin awo yana rubutawa a littafin gwaji. Har godiya nake yi masa, ni sakarya!

Makon jiya aka shigar da takardar mallakar fasahar. Littafin gwajin shafi ɗari uku, duk rubutun Dogo, don haka sunansa aka sa. Farfesa, shugabanmu, ya san gaskiya sarai, amma wai in yi haƙuri, lauyoyi rubutu suke dubawa. Dogo kuwa ko ido ba ya iya haɗawa da ni.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Na ga amsarki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce in naɗe hannu in zuba musu ido. Wallahi niyyata ke nan.

Masu wani kamfani suka sa ranar zuwa gani da ido. Dogo ya zura hannu cikin akwatin don ya haɗa da kansa. Awo duk yana littafi, amma hannu bai san aikin ba, lanƙwasa arba'in tasa ta tsage. Sai ga Farfesa har teburina, yana ta 'yata 'yata, wai in taimaka in haɗa, ni da bai taɓa tambayar lafiyata ba.

Yaya, na kasa naɗe hannun. Ba don su ba. In ta tsage gaban baƙi, cewa za a yi aikin banza ne, a rufe shi, kuma ni na san ba na banza ba ne. Na zura hannu na haɗa.

Jiya inji ya lanƙwasa ta sau dubu biyar, fitilar da aka jona ko ƙiftawa ba ta yi ba. Baƙin suka miƙe suna yi wa Dogo tafi. Ina tsaye bayan ƙofa Farfesa ya waiwayo ya kafe ni da ido.

Ni ma na tafa, Yaya.

Ki gaishe da mutan gida.

Taki,
Auta