Ɗan Farina da Kuka Kora Saboda Ƙwaya

Zuwa ga Shugaban makarantar sakandaren da ɗana yake karatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali da malamanka suna lafiya. Ni manomi ne daga Toranke, uban yaron nan ɗan aji biyar da kuka kora bayan girbin gyaɗa saboda an sami ƙwaya a aljihunsa. Na rubuto a fili ne don a fili aka yi masa, gaban ɗalibai duka, kuma na san tsakanin Ajingi da Gaya ba ni kaɗai ne uba mai wannan ciwo ba.

Na farko, ba na musun laifin. An sami ƙwaya, kuma yana sha. Amma ina so ka san inda abin ya faro. Yaron nan jikinsa ne ya makara. Sa'o'insa duk sun miƙe, murya ta buɗe, gashin baki ya fara fitowa, shi kuwa yana nan kamar ɗan firamare. Da damina samari kan haɗu su yi ƙwadago a gonakin mutane, kowa ya kama layinsa ana tsere, kullum shi ne na ƙarshe. Suka laƙaba masa Ɗan Tsako. Ni da kai yanzu sai mu yi dariya, amma ga ɗan shekara goma sha shida, wallahi wannan suna ya fi bulala zafi. Sai wani cikinsu ya miƙa masa abin da masu talla ke kira maganin gajiya. Ranar ya gama layinsa tare da kowa, aka yi masa shewa. Da na ga ya dawo gida garau har daɗi na ji, na ce a raina yaro ya zama namiji. Kaico, ban san abin da nake wa murna ba.

Na biyu, kuma nan ne raina ya ɓaci. Ka aiko takarda cewa uba ya zo, na tura ƙanena Sale. Ya dawo ya gaya mini ka ce uban da ba zai iya taka ƙafa saboda ɗansa ba, don me makaranta za ta wahalar da kanta. Haba, ranka ya daɗe! Wannan magana ta ƙona ni. Ɗan farina ne fa. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a tsaya masa a gaban mutane. Ranar sunansa ma a gona na yini. Sale ne ya kai shi makarantar allo, shi ya kai shi firamare, shi ya kawo maka shi. Haka ubana ya yi da yayanmu. Da ka tambayi maigadin makarantarka me ya sa baffa ya zo maimakon uba, da ya warware maka tun kafin ka sa hannu a takardar kora.

Na uku, ba zan ɗora maka kayan duka ba, nawa ya fi nauyi. Kunyar nan ta cuce mu, ni da shi. Lokacin da yaro yake duba jikinsa yana tambayar kansa ko lafiyarsa ƙalau, wa zai tambaya? In na shigo zaure sai ya fice. Uwarsa ma sai dai ta aika ƙannensa su kai masa tuwo. Ashe duk shekarun nan ya ɗauka wata cuta ce ta hana shi girma. Makon jiya muna ɗaurin harawa mu biyu, na danne kunyata, ban ko kalle shi ba, na gaya masa ni ma sai da na kusa sha takwas na miƙe, haka kakansa, jininmu ne. Ya ajiye igiya. Can ya ce, “Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?” Na juya baya ina gyara damin da babu abin da ya same shi, don kada ya ga idona.

Na huɗu, ka duba abin da korar ta haifar. Tun da aka tsayar da shi a taron safe aka kira shi ɗan ƙwaya, iyaye sun janye 'ya'yansu daga gare shi. Masu yi masa maraba yanzu su ne masu shan, suna kiransa ta bayan katanga. Mun kai shi asibiti, ya daina, kuma yana shan wuya: ciwon gaɓoɓi, saurin fushi, wani lokaci kuka ba dalili. Yana daurewa. Amma duk safiya idan ɗalibai suka wuce ƙofar gidanmu a kan kekuna sai ya shige bayan rumbu. Ina tsoron ranar da zai gaji da zaman bayan rumbun ya amsa kiran bayan katanga.

Don haka ina roƙonka, don Allah don Annabi, ka mayar da shi aji. Ka gindaya duk sharaɗin da ka ga dama, mun ɗauka. Ka kuma sa wani malami mai sanyin hali ya riƙa zama da samarin nan, ya gaya musu kowa da lokacin girmansa, tun da mu iyaye bakinmu ya yi nauyi. Ba wai a ɗaure wa shaye-shaye gindi nake nufi ba. Yaro ne da bai gama zama mutum ba, kada a yanke masa hukuncin wanda ya gama.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya shirya maka naka 'ya'yan, ya sa kada ka taɓa rubuta wa wani irin wannan takarda. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan zo da kaina, ina gaba yana biye. Mutanen gari za su yi ta magana, su yi. In ka ce mu jira a waje za mu jira, amma ba zan koma Toranke in ce masa ban gwada ba.

Wassalam,
Uban yaron, daga Toranke.