Inna, Balki Ta Sauka Lafiya

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma labarin nan ya ƙi zama a cikina, kuma ke ya kamata ki fara ji.

Albishirinki. Balki ta haihu, jikar nan taki da kika raina bayan rasuwar uwarta, Yaya Hadiza. Ta sauka ranar Talata da hantsi a ɗan asibitinmu na Dakko, ɗiya mace, kuma ni na karɓi haihuwar. Yanzu haka tana ɗaki tana shan kunun kanwa, tana mitar ruwan wanka ya cika zafi. Tun ranar bakina ya ƙi rufuwa.

Da kin ga asibitin nan ba za ki gane shi ba. Kin tuna yadda masu taimako suke yi a da: wannan ya zo ya yi fenti, wancan ya raba gidan sauro, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. To yanzu wasu masu hannu da shuni, na gida da na waje, sun haɗa kai da gwamnatoci a ƙasashen Afirka da dama, suka raba aikin a tsakaninsu. Wani ya sa mana firji mai aiki da hasken rana don kada allurai su lalace, wani ya ɗauki nauyin koyar da mu, wani ya tsaya kan motar ɗaukar masu naƙuda. Har Talata Mafara aka kira mu, mu na Bakura da na Maradun, wata ungozoma daga Kenya ta koya mana aiki ta waya, muna kallonta ana fassara mana. Ɗiyarki da kike cewa ko tuwo ba ta iya kwashewa, Inna, sai ga ta a gaban aji.

A can aka ba mu wata leda da ake shimfiɗa wa mace da zarar jariri ya fito. Tana da aljihu a ƙasa mai layuka, jini ya taru a ciki a gan shi da awo. Da na riƙe ta, ke na tuna.

Na tuna yadda kike karɓar haihuwa. Ki share bayan ɗaki, ki zuba rairayi mai laushi, mace ta durƙusa a kai. In na tsaya ina raba ido sai ki ce, "Ke dai ɗora ruwa, ɗiyata, ki bar mani sauran." Rabin yaran unguwa a kan wannan rairayi suka faɗo.

A kansa Yaya Hadiza ta haifi Balki. Kin duba kin ce jinin bai wuce kima ba, kika naɗe jaririya, har kika yi guɗa. Kafin la'asar Yaya ta fara cewa tana ganin duhu. Ba ta kai Mafara ba. Daga ranar ba ki sake karɓar haihuwa ba, ko an zo kiranki sai ki ce hannunki na ciwo.

Shi ya sa da Balki ta fara naƙuda na ƙi matsawa daga gefenta. Jaririya ta fito, mabiyiya ta biyo, na shimfiɗa ledar, na dubi jinin na ce a raina wannan ai ba komai. Balki ma hira take yi. Sai abokiyar aikina ta taɓa ni ta nuna aljihun: jinin ya haye layin da aka ce in an kai shi kada a jira komai. Nan take muka hau yi mata abin da aka koya mana, ina murza mararta, ana yi mata allura, aka ɗaura mata ruwa, direba ya tayar da mota ya tsaya a ƙofa. Ba a ma kai ga tafiya ba jinin ya tsaya.

Inna, akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Na zarge ki. Shekara da shekaru ina cewa a zuciyata da kin duba da kyau da Yaya tana nan. Makarantar aikin lafiya ma ina fushi da ke na shige ta, ke kuwa kina ta sa mini albarka. Sai ga shi ni mai takarda, a ɗaki mai haske, idona ya ce mini ba komai, daidai yadda naki ya ce miki. Ni na samu leda da mai taɓa ni. Ke rairayi ya shanye jinin, kuma ke kaɗai ce a wurin.

Ki yafe mini, Inna. Na so a ce na roƙe ki tun kina iya amsawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Yaya Hadiza, Ya haskaka kabarinku. Allah Ya saka wa waɗanda suka haɗa hannu suka kawo mana wannan gata, Ya kai shi kowane ƙauye da mace ke durƙusawa. Allah Ya raya abin da Balki ta haifa.

Ɗiyarki mai neman gafararki,
Rabi