Jirginsu Mamman Ya Wuce Tsararsa

Magariya, ranar Laraba

Ƙanwata Hajo,

Ina gaisuwa. Ina gajiya, ina yara, ya maigida? Ni ƙafafun nan sai da sanda, amma da sauƙi.

Albishirinki. Jirgi mai saukar ungulu da ɗana Mamman ke gyarawa a Faransa ya fi kowane tsararsa hawa sama. Direban kumandan garin nan ya gaya mini. Wai sai an ɗora jirgin kan sikeli kamar buhun gyaɗa, ya kara da masu nauyinsa kaɗai, an kuma liƙe akwatin awon hawansa sama gaban shaidu. Mamman ne ya kwance kujerun don rage nauyi.

Ki sa shi a addu'a, ki gaida yara. An ce jiya zai iso hutu. Na sa aka yanka zakara, motar Damagaram ta zo ba shi ciki.

Yayanki,
Abdu